Tari A Bakin Mai Ciki: Sharhi Kan Binciken Tarin Fuka A Wurin Awo A Kafanchan Da Kewayenta

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar asibiti a Kafanchan da sassafe ranar awo, ya ga yadda mata masu juna biyu suke sauka daga babura da kekuna, waɗansu daga cikin gari, waɗansu daga ƙauyukan da ke kan hanyar Kagoro da Kwoi da Godogodo, kowacce da katinta a naɗe a gefen zane, lalle zai san cewa babu wata ƙofa a sha'anin kiwon lafiya wadda mace mai jin kanta lafiya lau take kawo kanta gare ta da ƙafafunta, ba tare da an kira ta ba, kamar wannan ƙofa. A can ciki za a ɗora ta bisa ma'auni, a gwada ƙarfin jininta, a karɓi fitsari, a ɗebi jini, a auna tsawon cikin, a saurari bugun zuciyar abin da ke ciki. A cikin waɗannan hidimomi duka akwai tambaya guda wadda ba ta cin ko kwabo, ba ta bukatar wuta ko na'ura, amma rayuka biyu suna iya rataya a kanta, ita ce a dubi matar a ce mata, "Kina tari?" Wannan tambaya, da abin da ya wajaba ya biyo bayanta, su ne mas'alar da muke so mu warware a nan.

Cutar da muke magana a kanta ita ce wadda Hausawa suke kira tarin fuka, mutanen asibiti kuma suke ce mata tibi. Tsohuwar cuta ce wadda likitocin Musulunci na dauri suka sani da sunan sillu, har Ibn Sina ya lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka daga wani zuwa wani. Amma ba a ga ƙwayarta da ido ba sai ranar 24 ga Maris, 1882, sa'ad da likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya bayyana ta a birnin Berlin, dalilin da ya sa har yau ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. Ƙwayar tana bin iska ne: idan mai cutar a huhu ya yi tari ko atishawa, sai ta fito ta rataya a cikin ɗaki, wanda ya shaƙa kuwa ta shige shi. Sai dai shigarta jiki daban, tashin cuta daban. A mafi yawan mutane garkuwar jiki takan kewaye ƙwayar ta tsare ta, ta zauna shiru shekara da shekaru, mai ita ba ya jin kome, ba ya kuma shafa wa kowa. An ƙiyasta kusan rubu'in mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, kuma daga cikin kowane ɗari nasu biyar zuwa goma ne cutar za ta tashi musu a tsawon rayuwa. Saboda haka tilas mai karatu ya riƙe bambanci tsakanin kwantacciyar cuta da farkakkiya, gama a kan wannan bambanci dukkan bayaninmu zai tsaya.

Rabon Nijeriya a wannan musiba babba ne, domin ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma tana cikin ƙasashe 'yan kaɗan da suka ɗauki mafi yawan nauyin cutar a duniya. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum 219 cikin kowane 100,000 suke kamuwa a ƙasar nan kowace shekara, abin da ya tasam ma rabin miliyan. Ita wannan hukuma, a cikin jagorar awon ciki da ta fitar a 2016, wadda ta shawarci mai ciki ta sadu da ma'aikatan lafiya sau takwas kafin haihuwa, ta ce duk ƙasar da masu cutar suka kai 100 cikin 100,000 ya dace a duba yiwuwar binciken tarin fuka ga masu ciki a wurin awo. Mu kuwa mun zarce wannan haddi nesa ba kusa ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2014 ya nuna cewa a shekarar 2011 kaɗai mata masu ciki kimanin 216,500 ne suka yi fama da farkakkiyar cutar a duniya, kuma kaso mafi girma a Afirka yake.

To, me ya sa za a ware mai ciki da bincike na musamman, alhali cutar ba ta zaɓen mace ko namiji? Illa ta farko ita ce ciki yana rufa wa cutar asiri. Alamominta sanannu ne: tari mai daɗewa, zazzaɓi, gumin dare, rama, kasala da rashin cin abinci. Amma wace mai ciki ce ba ta kasala? Wacce ce ba ta ƙin abinci a watannin laulayi, ko numfashinta ba ya sama-sama idan ciki ya tsufa? Zazzaɓi kuwa a ƙasarmu sunansa ɗaya, cizon sauro, ba a ma tsayawa tambaya. Rama, wadda ita ce alamar da takan tayar da hankalin dangi, ita ma ciki yakan ɓoye ta, domin nauyin jariri da ruwan mahaifa suna cike gurbin naman da cuta take ci, sai ma'auni ya nuna matar tana nan yadda take, alhali kamata ya yi a ce tana ƙaruwa. Shi ya sa masana suka ce a wurin mai ciki rashin ƙarin nauyi shi ne madadin rama, kuma ma'aikaciyar da ta ga lamba ɗaya a kati wata biyu a jere ya kamata zuciyarta ta ɗarsa.

Illa ta biyu tana cikin hikimar halitta kanta. Domin kada jikin uwa ya ɗauki ɗan da ke cikinta a matsayin baƙo ya yaƙe shi, Allah Ya sa wani sashe na garkuwarta yakan sassauta a lokacin ciki, kuma wannan sashe shi ne mai gadin ƙwayar da ke kwance. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cutar takan fara motsi a ɓoye kafin haihuwa, sa'an nan ta bayyana bayanta. Wani babban bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2012, ya gano cewa a cikin wata shida na bayan haihuwa haɗarin bayyanar tarin fuka ga mace yakan kusan ninkawa biyu. Idan kuwa ba a gano ta da wuri ba, ɓarnarta ba ta tsayawa ga uwa: takan jawo haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi, da mutuwar ɗa a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa. Nadiran ƙwayar takan bi jini ta shiga jariri tun yana ciki, amma abin da ya fi yawa shi ne ya shaƙe ta daga numfashin wadda take rungume da shi dare da rana, kuma a jikin jinjiri cutar ba ta jira, takan bazu cikin jini ko ta hau ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau.

Yana da amfani a nan mu leƙa yadda waɗansu suka fuskanci mas'alar, domin mu san abin ɗauka da abin bari. A Amurka tarin fuka ya yi ƙaranci, kimanin mutum 3 cikin 100,000 a shekara, kuma mafi yawansu waɗanda aka haifa a wata ƙasa ne suka zo da ƙwayar a kwance. Daga cikin jama'ar da abin ya fi shafa akwai masu magana da Sifaniyanci, waɗanda asalinsu daga Meziko ne da ƙasashen da ke kudu da ita. Da yawa daga matansu ba su da halin ganin likita sai ciki ya kawo su, don haka likitocin can suka mai da ɗakin awo wurin neman kwantacciyar ƙwaya, ko dai da allurar da ake yi a fatar hannu a dawo a duba kumburin bayan kwana biyu zuwa uku, ko da gwajin jini. Wadda gwajinta ya nuna ƙwaya sai a ɗauki hoton ƙirjinta, idan huhu lafiya yake sai a yi shawarar maganin rigakafi. A nan ne suka gamu da darasi mai ɗaci, gama wani rahoto da aka buga a 1989 kan irin waɗannan mata ya ba da labarin waɗanda maganin isoniazid ya taɓa musu hanta a lokacin ciki da bayan haihuwa, har aka yi hasarar rai. Saboda wannan da makamantansa, a can akan jinkirta rigakafin sai wata biyu ko uku bayan haihuwa, sai fa ga wadda haɗarinta ya yi yawa, kamar mai ƙanjamau ko wadda ta zauna da mai tari kwanan nan. Sun kuma lura da cewa mata da yawa da aka ce su dawo bayan haihuwa ba su dawowa, hidimar jariri ta ɗauke musu hankali.

Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illa ta zama ɗaya, kuma halinmu da na Amurka ba ɗaya ba ne. Su suna neman garwashin da ke cikin toka, mu kuwa wuta ce take ci a rufin ɗaki. Inda ƙwayar ta yi yawa a cikin jama'a kamar nan, gwajin fata zai nuna ta ga mata masu tarin yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau, kuma babu dukiyar da za ta isa a bi su duka. Abin da ya fi zama maslaha shi ne a fara da neman farkakkiyar cuta, wadda take kashewa yanzu kuma take yaɗuwa yanzu. Abin da za mu ɗauka daga gare su abu biyu ne: cewa awo dama ce wadda ba a samun irinta, da kuma cewa duk abin da aka ɗage wa mace sai bayan haihuwa yana iya ɓata a hanya.

Tsarin binciken kansa ba shi da wuya. A kowane zuwa awo, ba zuwan farko kaɗai ba, a tambayi mace abu huɗu: tari, zazzaɓi, gumin dare, da rama ko rashin ƙarin nauyi, a ƙara da na biyar, ko akwai mai tari a gidansu. Tarin da ya kai mako biyu ya wajabta gwaji, ga mai ƙanjamau kuwa ko tarin kwana ɗaya ne. Sai a ba ta ɗan kwano ta kawo kaki, wanda ya fito daga ƙirji, ba miyau ba, a kai shi ga na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, Nijeriya kuma ta mai da ita gwajin farko a 2016. Cikin sa'o'i biyu na'urar takan faɗi ko akwai ƙwayar, ta kuma faɗi ko ƙwayar tana jin maganin rifampicin ko ta bijire masa. Idan kaki bai nuna kome ba amma zato ya yi ƙarfi, sai hoton ƙirji. A nan mata da yawa, har ma da waɗansu ma'aikata, sukan ja da baya don tsoron hasken hoto ya taɓa ɗa. Tsoron yana da asali, amma an wuce da shi gona da iri, domin hasken hoton ƙirji guda ɗaya kaɗan ne ƙwarai, ana kuma rufe ciki da mayafin dalma, kuma cutar da aka bari ba a gano ba ta fi shi haɗari ga jariri ninkin ba ninki.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi raunin wannan tsari. Tambayoyi huɗun nan ba taru ba ne mai kama kowane kifi. Bincike a gabashi da kudancin Afirka ya nuna cewa a cikin masu ciki da ke ɗauke da ƙanjamau akwai waɗanda aka samu ƙwayar a kakinsu alhali ba su ambaci alama ko ɗaya ba. Mai ƙanjamau kuwa haɗarin tashin tarin fuka gare ta ya ninka na sauran mutane fiye da sau goma, saboda haka ita bincikenta ya fi tsanani, kuma idan aka tabbatar ba ta da farkakkiyar cuta akan ba ta maganin rigakafi. Ko a wannan ma masana sun yi saɓani. Wani gwaji da aka buga a 2019, kan mata 956 masu ƙanjamau a ƙasashe takwas, ya gano cewa waɗanda aka fara ba su isoniazid suna da ciki sun fi samun matsalar haihuwa a kan waɗanda aka jinkirta musu sai bayan haihuwa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan ta auna wannan da sauran hujjoji, ta tsaya a kan cewa ciki ba ya hana mai ƙanjamau rigakafi, domin cutar ta fi maganin haɗari. Mas'ala ce ta ijtihadi, wadda likita zai duba halin kowace mace, ya kuma sa ido kan hantarta.

Game da farkakkiyar cuta kuwa babu saɓani ko kaɗan: a fara magani nan take, ko cikin wata nawa ne. Maganin na wata shida ne, wata biyu na farko da haɗin magunguna huɗu, wato rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sa'an nan wata huɗu da biyun farko, tare da bitamin B6 don kare jijiyoyi. An daɗe ana ba masu ciki waɗannan, kuma gwajin kaki da maganin duka kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta. Wanda aka haramta wa mai ciki shi ne allurar streptomycin, domin tana iya kurmantar da jariri. Wajibi ne a faɗa wa mace tun ranar farko cewa rifampicin zai mai da fitsarinta ja-ja, gama mai cikin da ta ga ja ba a gargaɗe ta ba za ta zaci ɓari ne ta watsar da magani. A faɗa mata cewa idan idonta ya yi rawaya ko amai ya tsananta ta komo maza. A faɗa mata cewa jin sauƙi bayan 'yan makonni ba warkewa ba ne, kuma yanke magani shi ke haifar da ƙwaya mai taurin kai, wadda jinyarta ta fi tsawo da wahala. Za ta ba ɗanta nono kamar kowace uwa. Idan tana cikin lokacin yaɗa cutar sa'ad da ta haihu, a duba jaririn, a ba shi maganin rigakafi, a jinkirta masa allurar BCG sai ya gama. Wadda kuma take son hutu tsakanin haihuwa ta sani rifampicin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazara da abin da ake sawa a damtse.

Duk wannan ilmi ne sananne. Wahalar tana wajen isar da shi ga matar Kudancin Kaduna yadda rayuwarta take. Kafanchan gari ne da hanyar jirgin ƙasa ta raya tun da ya zama mahaɗa a 1927, ya tara Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa da Fulani da mutanen kudu, kuma a cikinsa akwai babban asibitin da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ga kuma kwalejin koyon jinya da ungozoma ta jiha. Amma mafi yawan masu ciki ba a Kafanchan suke ba. Suna ƙauyukan Jema'a da Jaba da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf, inda mace take noman citta da cikinta, ranar awo tana nufin barin gona da biyan kuɗin babur, da damina kuwa hanya ta yanke. A ƙaramin asibitin ƙauye babu na'urar gwaji, sai an ɗauki kaki zuwa gari, sakamako ya komo, a nemo matar. Kowace gaɓa a wannan sarƙa tana iya tsinkewa, kuma matar da aka ce mata "ki dawo mako mai zuwa" ƙila ba za a sake ganinta ba sai da goyo. Ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu suka cunkushe a ɗaki ɗaya da 'yan uwa, ga hayaƙin itace a madafa, ga ƙurar hunturu, abubuwan da suke ba kowane tari uzuri, har a ce sanyi ne, a saya mata maganin tari a kemis.

Akwai kuma shinge na al'ada. Mai ciki, musamman na fari, kunya takan hana ta zuwa awo sai ciki ya fito fili, ta haka an yi hasarar watannin da suka fi amfani. Sunan cutar kansa abin tsoro ne, domin mutane sun haɗa shi da ƙanjamau, waɗansu kuma da sammu, har mace takan haɗiye tarinta a gaban ma'aikaciya don kada kishiya ko dangin miji su ji, a ware mata kwano da moɗa. Wannan wariya kuwa zalunci ce marar fa'ida, tun da ƙwayar ba ta bin kwano, iska take bi, kuma wadda ta fara magani daidai, cikin 'yan makonni yaɗawarta takan ragu ƙwarai. Saboda haka yadda aka yi tambayar yana da nauyi kamar tambayar kanta. Idan aka jefa ta a gaban layi, ido yana kan takarda, amsa ɗaya za a samu. Idan kuwa aka keɓe, aka ce, "'Yar'uwa, da dare kina farkawa ki ga zanenki ya jiƙe? Maigida ko Baba suna tari?", da harshen da ta fi sakewa da shi, to, gaskiya takan fito.

Wurin da aka fi sakaci shi ne jego. Da zarar an haihu lafiya sai hankali ya koma kan jariri da shirin suna, maijego ta shiga ɗaki, a rufe tagogi don gudun sanyi, a hura wuta, ta yi ta wanka har arba'in, 'yan barka suna shiga suna fita. Ramarta a ce ta shayarwa ce, guminta a ce na ruwan zafi ne. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da cutar ta fi bayyana, kuma rufaffen ɗaki shi ne gonarta. Maganin wannan giɓi yana hannunmu, domin ko matar da ba ta komawa asibiti don kanta tana kai ɗanta allurar rigakafi a mako na shida da na goma da na goma sha huɗu. Ma'aikaciyar da take ɗiga wa jariri magani, idan ta ɗaga kai ta yi wa uwar tambayoyin nan, ta rufe ƙofar da ta fi kowacce zama a buɗe. Kuma idan aka samu mai cutar a gida, uwar ce ko mijin ko kakar da ta zo wankan jego, a bi mutanen gidan duka da bincike, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Malamai sun lissafa kiyaye rai da kiyaye zuriya cikin manyan manufofin shari'a, kuma a mai ciki an haɗa su biyun a jiki ɗaya. A wurin 'yan'uwanmu Kirista ma kula da marar lafiya ibada ce. Don haka wannan aiki farali ne na kifaya a kan jama'ar yankin baki ɗaya. Hukuma ta tabbatar kaki yana tafiya, sakamako yana komowa kafin mace ta gaji da jira. Cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya tana cikin jiharmu, babu dalilin da zai sa ilminta ya kasa isa ga kowace ungozoma a ƙauye, har da ta gargajiya, wadda ita ce take shiga ɗakin da likita ba ya shiga. Liman ya faɗa a mumbari cewa neman magani riƙo da sababi ne, ba ya warware tawakkali. Fasto da shugabannin Zumuntar Mata su faɗa a majami'a cewa tarin fuka ba la'ana ba ce, yana warkewa. Miji kuwa, wanda shi yake jin tarin matarsa da tsakar dare sa'ad da kowa yake barci, shi ne shaidan farko, kuma amanar tana wuyansa. Idan ya ƙirga kwana goma sha huɗu tarin bai tsaya ba, kada ya jira ranar awo ta zagayo. Ya ɗauki katinta, ya ɗora ta a babur, ya ce wa ma'aikaciya da bakinsa a gwada kakinta.